Ciwon suga, damuwa da kasuwar bitamin: A gwada jini kafin a buɗe aljihu

Duk gidan da ke da mai ciwon suga ya san wannan yanayi. Mutum ya shekara biyar ko goma yana shan magani, ya haƙura da lemon kwalba da shayi mai suga, yana taka-tsantsan da kowace loma. Sai a wayi gari a ga ya canza. Barci ya ƙaurace masa, hira ta daina yi masa daɗi, abu kaɗan ya fusata shi. Ga mantuwa, ga kasala, ga tafin ƙafa yana zugi da dare.

Daga nan shawarwari su fara zuwa. Wani ya ce jininsa ne ya yi ƙasa, a sayo maganin ƙarin jini. Wata ta turo tallar wani kwalin bitamin a WhatsApp, wai daga waje aka kawo shi, yana wanke suga yana kuma kwantar da hankali. Mai kemis na bakin layi ya ce a zo a yi masa allurar bitamin. Kafin a ankara, kuɗin ƙwayar suga ta wata guda ya tafi a kan kwali mai ƙyalli, shi kuma mara lafiyan yana nan yadda yake.

Matsayar wannan jarida ita ce: damuwar da ke addabar masu ciwon suga lalura ce ta gaske, kuma ta cancanci a duba ta a asibiti kamar yadda ake duba sugan jini. Bitamin yana da amfani ga wanda aka gwada aka ga yana da ƙarancinsa. Sayensa a makance kuwa asarar kuɗi ce, wani lokaci ma har da asarar lafiya.

Damuwar ba raki ba ce

Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce masu ciwon suga sun ninka sauran jama'a sau biyu zuwa uku wajen kamuwa da ciwon damuwa. Ta kuma ce daga cikin masu fama da lalurorin biyu, kashi 25 zuwa 50 cikin 100 ne kawai ake ganowa a yi musu magani. A ƙasar da ke da asibitoci da likitoci birjik ke nan.

A 2024 ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya, IDF, ta fitar da sakamakon jin ra'ayin masu cutar a ƙasashe bakwai. Kashi 77 cikin 100 suka ce sun taɓa fama da fargaba ko damuwa ko wata matsalar ƙwaƙwalwa saboda ciwon. Shi ya sa taken Ranar Ciwon Suga ta Duniya, wadda ake yi kowace 14 ga Nuwamba, ya karkata ga walwalar mara lafiya daga 2024 zuwa 2026.

Dalilin a fili yake. Ciwon suga ba ya ba da hutu. Kullum akwai ƙwaya ko allurar insulin, akwai lissafin abinci, akwai tsoron makanta da ciwon ƙoda da yanke ƙafa. Magidanci yana fama da raunin mazakuta da ba ya iya faɗa wa kowa. Uwargida tana dafa wa gida abin da ita ba za ta ci ba. Ga tsadar magani a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin neman lafiya daga aljihun mutane yake fitowa.

Lalurorin biyu kuma suna ciyar da juna. Wanda damuwa ta kama yakan yi sakaci da magani, ya daina motsa jiki, ya ƙi zuwa asibiti. Suga ya hau, jiki ya ƙara nauyi, damuwar ta ƙaru.

Yawan mutanen da abin ya shafa ba kaɗan ba ne. IDF ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 3.6 ne ke da ciwon suga a Najeriya. Wani nazari da Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2018, ya kai adadin miliyan 11.2. Ko wanne aka ɗauka, miliyoyin gidaje ake magana.

Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa a duk faɗin ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan tsagar ce 'yan kasuwar bitamin suka samu.

Inda bitamin yake da hujja

Ba mu ce babu alaƙa tsakanin bitamin da lafiyar ƙwaƙwalwar mai ciwon suga ba. Akwai alaƙa ɗaya da likitoci suka tabbatar, kuma abin takaici ita ce aka fi yin shiru a kanta.

Metformin shi ne maganin da aka fi bai wa masu nau'i na biyu na ciwon suga a duniya. Magani ne mai inganci da sauƙin kuɗi. Amma tun farkon shekarun 1970 aka lura cewa yana rage yadda hanji ke tsotsar bitamin B12 daga abinci.

A ƙasar Holan an yi gwaji kan mutum 390 na tsawon fiye da shekara huɗu, aka wallafa sakamakon a mujallar likitoci ta BMJ a 2010. Waɗanda suka sha metformin, B12 ɗinsu ya ragu da kashi 19 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda aka bai wa ƙwayar da babu magani a cikinta. A watan Yunin 2022 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya, MHRA, ta sanar cewa wannan raguwa za ta iya shafar har mutum ɗaya cikin goma na masu shan maganin, musamman masu shan mai yawa ko waɗanda suka daɗe a kansa.

B12 shi ke taimakawa wajen gina jajayen ƙwayoyin jini da kare rufin jijiyoyi. Idan ya yi ƙaranci sai a ga kasala, ƙarancin jini, mutuwar yatsu da tafin ƙafa, jin kamar kiyashi na yawo a fata, tangaɗi wajen tafiya, mantuwa, ƙuncin rai, wani lokaci har da rikicewar tunani.

A lura da kyau: waɗannan alamomi sun yi kama da na lalacewar jijiyoyi da ciwon suga kansa ke kawowa. Don haka cikin sauƙi za a ce wa mutum "ai sugan ne ya taɓa jijiya", a sallame shi, alhali matsalar tana da magani. Idan aka yi jinkiri, jijiyar da ta lalace ba lallai ta dawo daidai ba.

Abin ba ya bayyana da wuri, domin hanta tana ajiye B12 da zai kai mutum shekara biyu zuwa biyar. Haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi, da masu shan maganin olsa irin su omeprazole na dogon lokaci, domin shi ma yana rage tsotsar bitamin ɗin. Haka nan waɗanda ba sa samun nama, hanta, kifi, ƙwai, nono ko kindirmo, domin a abincin da ya fito daga dabbobi ake samun B12. Da tsadar nama a yanzu, gidaje nawa ne ke ganin sa sau biyu a mako?

Ƙungiyar likitocin ciwon suga ta Amurka, ADA, ta daɗe tana ba da shawarar a riƙa gwada B12 lokaci zuwa lokaci ga wanda ya daɗe a kan metformin, musamman idan yana da ƙarancin jini ko ciwon jijiyoyi. Idan an samu ƙaranci, likita zai ba da ƙwaya ko allura.

Muna jaddadawa: wannan ba dalili ba ne na daina shan metformin. MHRA kanta ta ce a ci gaba da maganin yayin da ake gyara ƙarancin. Wanda ya jefar da ƙwayarsa saboda ya karanta wannan sharhi, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Inda hujjar ta yi rauni

Bitamin D shi ne aka fi tallatawa da sunan maganin damuwa. Gaskiya ne bincike da dama sun ga masu damuwa sukan kasance da ƙarancinsa. Sai dai ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Fata tana samar da bitamin D ne daga hasken rana, mai damuwa kuma yakan kulle kansa a ɗaki. Yana iya yiwuwa damuwar ce ta kawo ƙarancin.

Hanyar rarrabewa ita ce a raba mutane gida biyu, a bai wa wasu bitamin, wasu ƙwayar da babu komai a ciki, a jira a gani. An yi hakan a Amurka da mutum 18,353 masu shekara 50 zuwa sama. Rabi suka riƙa shan bitamin D kullum na fiye da shekara biyar. Sakamakon da mujallar JAMA ta wallafa a 2020 ya nuna babu bambanci tsakanin ɓangarorin wajen kamuwa da damuwa. A 2021 masu binciken suka fitar da sakamakon ƙwayar man kifi, wato omega-3, ita ma ba ta hana damuwa ba.

A birnin Chicago an gwada abin a kan mata masu ciwon suga da ke da alamun damuwa. Wasu aka ba su bitamin D mai yawa duk mako, wasu kaɗan. Bayan wata shida, masu shan mai yawan ba su fi sauran samun sauƙi ba.

Batun rigakafin ciwon suga ma haka. Wani gwaji da aka wallafa a 2019 kan mutum 2,423 da suganse ya fara hawa bai nuna wani gagarumin bambanci ba tsakanin masu shan bitamin D da marasa sha.

Domin adalci, akwai ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna ɗan sauƙi, galibi a wurin mutanen da tun farko suke da ƙarancin bitamin ɗin. Yawancin waɗanda suka shiga manyan gwaje-gwajen kuwa ba su da ƙaranci. Darasin dai ɗaya ne: cike gurbin abin da jiki ya rasa yana da amfani, ƙari a kan abin da ya wadatu ba ya ƙara komai. Wannan ce ma matsayar ADA, cewa babu hujja bayyananniya ta amfanin ƙarin bitamin ga mai ciwon suga da ba shi da ƙaranci.

Wanda ba ya fita rana sosai, kamar tsoho da ke kwance ko matar da ba ta cika fita tsakar gida ba, yana da dalilin tambayar likita game da bitamin D. Amsar tana wurin likita da gwaji, ba ta wurin mai lasifika a tasha.

"Ai bitamin ne kawai"

Wannan jimla ta cutar da mutane da yawa. Bitamin ma yana da iyaka.

Bitamin B6, wanda ke cikin yawancin haɗin da ake sayarwa da sunan maganin jijiya, idan ya yi yawa na tsawon lokaci shi kansa yana lalata jijiyoyi. Wato mutum yana shan sa don zugin ƙafa, shi kuma yana ƙara zugin. A Ostireliya doka ta wajabta rubuta gargaɗi a kan duk kwalin da ke ba da fiye da miligiram 10 a rana. A 2023 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce kada babba ya wuce miligiram 12 a rana. Wasu ƙwayoyin da ke yawo a kasuwa sun ninka haka sau da dama.

Bitamin D idan ya taru a jiki yana ɗaga sinadarin kalsiyam a jini, ya jawo tsakuwar ƙoda ko ya raunana ta. Mai ciwon suga kuwa dama ƙodarsa tana cikin haɗari.

Folik asid, wanda ke cikin magungunan ƙarin jini, yana iya gyara ƙarancin jinin da rashin B12 ya kawo, amma ba ya hana jijiyoyi ci gaba da lalacewa. Gwajin jini ya nuna lafiya lau, ɓarna kuma tana tafiya a ɓoye.

Bitamin B3 mai yawa yana iya ɗaga sugan jini. Wasu magungunan ƙarin jini na ruwa kuma da suga ake haɗa su don su yi zaƙi.

Babbar illar dai ita ce jinkiri. Watannin da aka ɓata ana jiran kwali ya yi aiki, su ne watannin da damuwa ke samun gindin zama. Akwai kuma wanda rawar jiki da gumi da bugun zuciyar da yake ɗauka fargaba ce, ashe sugansa ne ke faɗuwa ƙasa, yana buƙatar a daidaita masa magani. Babu bitamin da zai gyara wannan.

Abin da aka ga yana aiki

Maganin damuwa sananne ne: tattaunawa da ƙwararre, ƙwayoyin da likita ya rubuta idan akwai buƙata, motsa jiki, isasshen barci, da samun wanda zai saurari mutum. Tambayar ita ce ko za a iya yin haka a inda likitocin ƙwaƙwalwa suka yi ƙaranci.

Indiya ta ba da amsa. A wasu asibitocin ciwon suga huɗu na biranen ƙasar an ɗauki mutum 404 masu ciwon suga da damuwa. Aka horar da ma'aikatan da ba likitoci ba su riƙa bibiyar rabinsu, suna kai rahoto ga likitan suga da likitan ƙwaƙwalwa. Bayan shekara biyu, kamar yadda JAMA ta wallafa a 2020, waɗanda aka bibiya sun fi sauran samun sauƙin damuwa tare da ingantuwar suga ko hawan jini ko kitsen jini.

Ba a gina sabon asibiti ba. An dai sa wani ya riƙa tambayar mara lafiya halin da zuciyarsa ke ciki.

Tantancewar farko tambaya biyu ce kacal. A makonni biyun da suka wuce, ka daina jin daɗin abubuwan da ka saba jin daɗinsu? Kana yawan jin ƙunci ko yanke ƙauna? Ma'aikaciyar jinya za ta iya yin su yayin da take auna hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin mhGAP tun 2008, wanda aka tsara don koya wa ma'aikatan lafiya na matakin farko irin wannan aiki, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka karɓe shi.

Kiranmu ga masu alhaki

A watan Janairun 2023 aka sanya hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Doka a takarda ba ta warkar da kowa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna, Kware, Maiduguri da Dawanau ba za su iya ɗaukar wannan nauyi su kaɗai ba, kuma mutane da yawa suna gudun a gan su a ƙofarsu. Wajibi ne a kai kulawar inda mai ciwon suga ya riga ya saba zuwa.

Muna kira ga ma'aikatun lafiya na tarayya da jihohi su sa tambayoyin nan biyu a katin kowane mai ciwon suga, a riƙa yin su aƙalla sau ɗaya a shekara, cikin Hausa da sauran harsunan jama'a.

Muna kira da a sa gwajin B12 cikin abubuwan da inshorar lafiya ke biya wa waɗanda suka yi shekaru a kan metformin, a kuma samar da shi a manyan asibitocin jihohi. Kuɗin gwaji bai kai kuɗin jinyar wanda ƙafarsa ta mutu ba.

Hukumar NAFDAC ita ke da ikon tantance tallar magunguna. Ya kamata ita da hukumar kula da kafafen yaɗa labarai, NBC, su saurari abin da ake faɗa a gidajen rediyo da dare da kuma shafukan Facebook da TikTok, inda ake yi wa mutane alƙawarin rabuwa da ciwon suga cikin 'yan makonni. Jama'a kuma su sani, lambar NAFDAC a jikin kwali ba shaida ba ce cewa duk abin da mai talla ya faɗa gaskiya ne.

Hukumar kula da harhaɗa magunguna, PCN, ta tabbatar masu kemis sun tsaya a iyakar lasisinsu. Yin allura ba ya cikin aikinsu.

Mu 'yan jarida ma muna da namu laifin. Kafar da ta karɓi kuɗi ta yaɗa tallar da ta san ƙarya ce, tana da kaso a cikin duk cutarwar da ta biyo baya.

Malamai da limamai su taimaka wajen cire kunya daga wannan lalura. Ce wa mai damuwa tawakkalinsa ne ya yi rauni yana ƙara masa nauyi ne kawai. Addu'a da neman magani ba sa cin karo da juna.

Ga mai ciwon da iyalinsa

Idan ka shekara huɗu ko fiye kana shan metformin, ko kana jin mutuwar ƙafa, kasala ko mantuwa, ka tambayi likitanka game da gwajin B12.

Ranar zuwa asibiti ka tattara duk abin da kake sha a leda ɗaya, har da bitamin da na gargajiya, ka nuna wa likita ko ma'aikacin magani.

Idan kuɗi ya yi kaɗan, maganin suga da gwaji su ne gaba. Abin da ya rage, ƙwai ko kifi ko kindirmon da ba a zuba wa suga ba sun fi kwalin da ba a san abin da ke cikinsa ba.

Idan ƙunci ya wuce mako biyu, ka faɗa wa likita da bakinka, ko da bai tambaya ba. Idan kuma tunanin cutar da kanka ya fara zuwa maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Ka gaya wa wani na kusa, a tafi asibiti a ranar.

Ku kuma 'yan uwa, kafin ku sayo wa Baba ko Inna wani sabon kwali, ku zauna ku tambaye su yadda suke ji, ku saurara, sannan ku raka su wurin likita.